Gabar Celtic da Rangers da masu cin ribarta

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Sikotland a shekarar 2022 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen ƙasar, wato kashi 51 cikin ɗari, ba su bin kowane addini, yayin da mabiya Cocin Sikotland, wato babbar cocin Furotesta ta ƙasar, suka ragu zuwa kashi 20, 'yan Katolika kuma kashi 13. Duk da haka, a duk ranar da Celtic, ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ake dangantawa da 'yan Katolika, da Rangers, wadda ake dangantawa da Furotesta, za su kara a birnin Glasgow, sai an jibge 'yan sanda a tituna, sau da yawa a sa wasan da tsakar rana don kada masu shaye-shaye su samu lokacin buguwa, sannan a ji dubban mutanen da rabonsu da ƙofar coci tun suna yara suna rera waƙoƙin zagin Fafaroma ko na yabon 'yan bindigar Ailan. A ganina aƙidar da ta haifi wannan gaba ta daɗe da yin sanyi a zukatan jama'a. Abin da ke raya gabar a yau shi ne ta zama haja mai kawo kuɗi, kuma masu tafiyar da ƙungiyoyin biyu da hukumomin ƙwallon ƙasar sun shafe fiye da ƙarni guda suna karɓar ribarta, suna ƙin ɗaukar alhakin ɓarnarta.

Wasu samari huɗu ne suka kafa Rangers a 1872, kuma babu wata manufa ta addini a cikin lamarinsu. Ita kuwa Celtic, wani malamin Katolika ɗan asalin Ailan da ake kira Brother Walfrid ne ya kafa ta a watan Nuwamba na 1887, a zauren cocin St Mary's da ke unguwar Calton a gabashin Glasgow, domin a riƙa tara kuɗin ciyar da 'ya'yan talakawan baƙi, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka gudo daga babbar yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852, yunwar da ta halaka kimanin mutum miliyan ɗaya. Wasan Celtic na farko, a watan Mayu na 1888, na sada zumunta ne da Rangers ɗin, kuma ta ci 5 da 2. Gabar ta taso ne daga baya, lokacin da ƙungiyar baƙi ta fara kwashe kofuna, 'yan gari suka shiga neman wadda za ta taka mata birki. A 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Harland and Wolff ya buɗe ma'aikata a unguwar Govan, kusa da Ibrox, filin wasan Rangers, ya kwaso ma'aikata Furotesta daga Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, tare da rikicin garinsu a zukatansu. A 1923 kuma Cocin Sikotland da kanta ta fitar da rahoton da ya kira 'yan Ailan barazana ga al'ummar ƙasar, rahoton da sai a 2002 cocin ta nemi afuwa a kansa. Ke nan wariyar ta girmi filin ƙwallo, domin tana nan a wurin ɗaukar aiki da neman gida da neman aure, amma filin ƙwallo ne ya ba ta tuta da waƙa da ranar taro.

Daga wajajen shekarun 1920 har zuwa 1989, Rangers tana da ƙa'idar da ba a rubuta ba, amma kowa ya san da ita, cewa ba ta ɗaukar ɗan wasan da ta san ɗan Katolika ne. Alex Ferguson, wanda ya buga mata wasa daga 1967 zuwa 1969, ya ba da labarin yadda wani darakta ya tare shi da tambaya a kan matarsa 'yar Katolika, yana son sanin ko a cocinsu aka ɗaura auren. Tsawon waɗannan shekaru hukumar ƙwallon ƙafa ta Sikotland ba ta hukunta ƙungiyar a kan wannan wariya ba. A 1976 shugabannin Rangers sun yi alkawari a bainar jama'a cewa sun daina, amma sai da aka yi shekara goma sha uku kafin a gani a ƙasa, lokacin da koci Graeme Souness da mai ƙungiya David Murray suka sayo Mo Johnston, ɗan Katolika kuma tsohon ɗan wasan Celtic, a watan Yuli na 1989. Wasu magoya baya sun taru a ƙofar Ibrox suna ƙona gyalensu da tikitinsu na kaka. Abin lura a nan shi ne dalilin sauyin: Souness da Murray suna da burin cin kofin Turai, kuma sun gane cewa ƙungiyar da ta haramta wa kanta 'yan wasan Italiya da Sifaniya da Faransa da Kudancin Amurka ba za ta kai ko'ina ba. Wariyar ta faɗi ne ranar da asararta ta fi ribarta, kuma wannan shi ne darasin da hukumomin ƙasar suka ƙi ɗauka har yau.

Ba na cikin masu cewa laifin ɓangarorin biyu ɗaya ne, domin tarihi bai nuna haka ba. Celtic ba ta taɓa rufe ƙofarta ga Furotesta ba. Jock Stein, kocin da ya kai ta ga lashe kofin Turai a Lisbon a 1967 bayan doke Inter Milan da ci 2 da 1, da 'yan wasan da dukansu aka haifa a Glasgow ko kewayenta, Furotesta ne, haka ma Kenny Dalglish da Danny McGrain. Amma wannan ba ya wanke waɗanda ke tsayawa a filin Celtic Park suna yabon IRA, ƙungiyar 'yan bindigar da ta yi yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, wadda bama-bamanta suka kashe fararen hula a kasuwanni da mashaya, suna kuma fakewa da cewa siyasa suke yi, ba addini ba. Wanda aka kashe wa uba ko ɗa a Belfast ba zai ji wannan bambanci ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ci Celtic tara fiye da sau ɗaya saboda halayen magoya bayanta, kamar yadda ta ci Rangers.

Masu cewa duk wannan barkwancin filin wasa ne kawai su dubi abin da ya faru a unguwar Bridgeton a watan Oktoba na 1995. Wani yaro mai shekara 16 yana komawa gida da abokansa bayan kallon wasan Celtic, wasan da ba ma da Rangers aka buga ba, sai wani mutum da bai taɓa saninsa ba ya fito ya yanke shi a wuya da wuƙa, saboda launin ƙungiyar da ya gani a jikinsa, kuma yaron bai tashi ba. Wata ƙawarsa ce ta kafa ƙungiyar Nil by Mouth a shekarar 2000 domin yaƙi da ƙiyayyar ɗariƙa. Su kuma dubi Neil Lennon, ɗan Katolika daga Ailan ta Arewa, wanda ya daina buga wa ƙasarsa wasa a 2002 bayan an yi masa barazanar kisa, wanda a 2011, yana kocin Celtic, aka aika masa ƙunshin bam ta gidan waya, sannan a watan Mayu na shekarar wani ɗan kallo ya tsallako ya kai masa hari a bakin fili a birnin Edinburgh. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a talabijin: 'yan sandan yankin Glasgow sun sha bayyana cewa rahoton dukan mata a gidaje yana ƙaruwa a ranakun da ƙungiyoyin biyu suka haɗu. Wasan da ke sa mace ta riƙa fargabar dawowar mijinta gida ya wuce a kira shi nishaɗi.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuska, domin yawancinmu mun san ƙungiyoyin nan ne ta hanyar 'yan wasanmu: Efe Ambrose, ɗan Kaduna, ya yi shekaru a Celtic, Umar Sadiq ya ɗan taɓa zama a Rangers a 2018, Joe Aribo kuma shi ya ci mata ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2022. Da yawa daga matasanmu sun ƙaunaci Celtic saboda tutocin Falasɗinu da magoya bayanta ke ɗagawa, musamman tun 2016 da UEFA ta ci ƙungiyar tara a kan haka, magoya bayan kuma suka mayar da martani da tara wa Falasɗinawa gudummawar da ta ninka tarar sau da yawa. Wannan abin yabo ne. Sai dai ina roƙon wanda zai ɗauki rigar kowace daga cikinsu ya bar musu kalmomin zaginsu a can, domin mutanen da suka ga abin da ya faru a Kaduna da Jos ba su buƙatar aro ƙiyayyar addini daga Glasgow.

Tun da wuri jama'a suka fahimci cewa shugabannin ƙungiyoyin biyu abokan ciniki ne. A 1909, bayan an yi canjaras sau biyu a wasan ƙarshe na kofin Sikotland, magoya bayan ɓangarorin biyu suka haɗa kai suka yi tarzoma a filin Hampden, bisa zargin cewa ana ƙulla canjaras ne don a sake karɓar kuɗin ƙofa, har aka fasa bayar da kofin a shekarar. A zamaninmu, kamfanoni irin su CR Smith da NTL da Carling da Tennent's sun riƙa sa sunansu a rigunan ƙungiyoyin biyu a lokaci guda, domin duk kamfanin da ya zaɓi ɗaya zai iya rasa rabin masu sayen kayansa. An tsara gasar lig ta yadda manyan biyun za su iya haɗuwa sau huɗu a kaka, saboda waɗannan wasanni ne gidajen talabijin ke biyan kuɗi a kansu. Da aka kafa babbar gasar SPL a 1998, an sa ƙa'idar da daga baya ta zama cewa manyan sauye-sauye sai ƙungiyoyi 11 cikin 12 sun amince, wato Celtic da Rangers, waɗanda magoya bayansu ba su ga maciji da juna, idan suka haɗa baki a ɗakin taro za su iya hana duk wani yunƙuri na raba kuɗi da adalci. Sakamakon a bayyane yake: daga 1985, lokacin da Aberdeen ta Alex Ferguson ta lashe lig, har zuwa kakar 2024/25, shekara arba'in cur, babu wata ƙungiya ta uku da ta ɗaga kofin.

Wannan gaba da ta cika aljihun shugabanni ita ce kuma ta kai Rangers ƙasa, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. David Murray ya taɓa cika baki cewa duk fam biyar da Celtic ta kashe, shi zai kashe goma, kuma a shekarar 2000 ya sayo Tore André Flo a kan fam miliyan 12, kuɗin da ya fi ƙarfin kasuwar ƙwallon ƙaramar ƙasa. Domin a ci gaba da biyan albashin da ƙungiyar ba ta da ƙarfinsa, daga 2001 zuwa 2010 aka riƙa zuba kuɗi a wani asusun amana, daga can a miƙa wa 'yan wasa da manyan ma'aikata da sunan rance, rancen da ba wanda ke sa ran za a biya, domin ba a cire haraji a kan rance. Kimanin fam miliyan 47 ne suka bi ta wannan hanya. Da hukumar tara haraji ta Birtaniya ta taso da ƙara, banki kuma ya matsa lamba a kan bashi, sai ƙungiyar ta zama kayan da ba mai saye, har Murray ya sayar da ita ga Craig Whyte a watan Mayu na 2011 a kan fam ɗaya tal. Whyte ya biya bashin banki na fam miliyan 18 da kuɗin da ya karɓo a kan tikitin kakar da magoya baya za su saya a shekaru masu zuwa, wato da kuɗin mutanen da ke tafa masa aka sayi ƙungiyarsu. Sannan aka daina miƙa harajin albashi da na ciniki, har bashin ya kai kimanin fam miliyan 9.

Ranar 14 ga Fabrairu, 2012, Rangers ta faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, aka kuma rage mata maki 10. A watan Yuni hukumar haraji ta ƙi amincewa da tayin sasanci, aka sayar da filin wasa da sauran kadarori ga tawagar Charles Green a kan fam miliyan 5.5, tsohon kamfanin kuma aka rushe shi. A jerin masu bin bashi akwai ƙananan 'yan kasuwa da yawa, har da mai kawo jaridu da wata mai yi wa yara zane a fuska ranar wasa, wadda ke bin fam 40. A 2017 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci cewa waɗancan kuɗaɗen albashi ne da ya kamata a cire wa haraji, a shekarar ce kuma kotu ta wanke Whyte daga tuhumar zamba. Tambayar da ke damuna ita ce ina hukumar ƙwallon ƙasar take a duk tsawon wannan lokaci. Ita ce ke ba da lasisi, ita ce ke rajistar kwantiragin 'yan wasa, ita ce ya kamata ta tantance ko mai sayen ƙungiya ya cancanta, amma sai bayan rugujewar ta bayyana cewa Whyte bai cancanta ba. Kwamitin da aka kafa a ƙarƙashin Lord Nimmo Smith ya ci tsohon kamfanin tarar fam 250,000 a 2013 saboda ɓoye wa hukuma wasu kuɗaɗen da ake biyan 'yan wasa, tarar da aka ɗora wa kamfanin da ya riga ya mutu. Maimakon jama'a su matsa a kan wannan sakaci, sai aka shafe shekaru ana musu a kan ko Rangers ta yanzu tsohuwar ce ko sabuwa, musun da ya yi wa shugabanni daɗi, domin ya kawar da ido daga kansu.

Abin da ya biyo baya ya fallasa yadda shugabannin ke kallon wasan. Sun yi ta tsoratar da jama'a cewa idan ba a bar sabon kamfanin Rangers a babbar gasa ko a rukuni na biyu ba, ƙwallon Sikotland zai mutu. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suka ce ba za su sayi tikitin kaka ba idan aka karya doka saboda girman mai laifi, dole shugabanninsu suka saurare su, aka tura Rangers rukuni na huɗu da ƙuri'a 25 a kan 5. Ƙwallon bai mutu ba. A cikin shekaru huɗu da Rangers ta yi tana hawowa, St Mirren da Aberdeen da St Johnstone da Inverness da Ross County duk sun ɗaga kofi, Hibernian kuma ta ci kofin Sikotland a 2016, karo na farko tun 1902. Su ma magoya bayan Rangers sun cancanci yabo, domin sun ci gaba da cika Ibrox a wasanni da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa, alhali ba su ne suka ci kuɗin ba.

Da gwamnati ta tashi magance ƙiyayyar, sai ta kama reshe ta bar tushe. Bayan wasan watan Maris na 2011, wanda aka ba 'yan wasan Rangers uku jan kati, Lennon da mataimakin kocin Rangers Ally McCoist kuma suka yi cacar baki a bakin fili, gwamnatin Sikotland ta Alex Salmond ta yi gaggawar kafa dokar 2012 da ta mayar da halayen ɓatanci a filin ƙwallo laifi na musamman. Dokar ta faɗa kan samari ɗaiɗaiku, ma'anar ɓatancin ba ta fito fili ba, dangantaka tsakanin 'yan sanda da 'yan kallo ta lalace, kuma a 2018 majalisa ta soke ta da ƙuri'a 62 a kan 60. A duk tsawon wannan lokaci ƙungiyoyin ba su rasa maki ko ɗaya ba saboda halayen magoya bayansu. A wasannin Turai kuwa UEFA tana aiki da ƙa'idar cewa laifin magoya baya laifin ƙungiya ne, ko ta yi ƙoƙarin hanawa ko ba ta yi ba. Da wannan ƙa'ida aka ci Rangers tara a 2006 saboda waƙar da ke maganar zubar da jinin 'yan Katolika, shugabanninta kuma suka tashi haiƙan suna gargaɗin magoya baya, da ita kuma aka rufe wani sashe na Ibrox mai kujeru 3,000 a 2019. Da aka kawo shawarar a yi amfani da irin wannan ƙa'ida a cikin gida a 2013, ƙungiyoyin Sikotland suka yi watsi da ita, domin su ne masu ƙuri'a a hukumar da za ta hukunta su. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙungiyar da ke karɓar kuɗin mutum dubu hamsin ko sittin a ƙofa ba ta da hujjar cewa abin da suke rerawa bai shafe ta ba.

Akwai masu jayayya da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Masana irin su Steve Bruce na Jami'ar Aberdeen sun daɗe suna cewa ana zuzuta matsalar, tunda 'yan Katolika sun cimma sauran jama'a a ilimi da aiki, auratayya kuma ta yawaita tsakanin ɗariƙun biyu. Na yarda da wannan, amma hujja ce da ke ƙarfafa maganata, domin idan wariyar ta ragu a ma'aikatu da gidaje ta saura a filin wasa, to masu filin ne ya kamata a tambaya. Wasu kuma na cewa zalunci ne a hukunta dubban masu natsuwa saboda tsiraru, kuma abokan gaba za su iya shigar burtu su jawo wa ƙungiya tara. Amsata ita ce waƙar da ke girgiza fili ba tsiraru ke rera ta ba, tikitin kaka kuma da sunan mai shi da lambar kujerarsa ake sayarwa, ga kyamarori a kowane lungu. Ranar da mutumin da ke kusa da kai ya san waƙarka za ta iya jawo wa ƙungiyarsa asarar maki uku, shi ne zai fara rufe maka baki, tun kafin ɗan sanda ya iso.

An taɓa ganin shugabanci na gari a wannan birni. A 1994 Celtic tana gab da durƙushewa a hannun iyalan da suka gaje ta, sai Fergus McCann, ɗan Sikotland da ya yi arzikinsa a Kanada, ya karɓe ta, ya sayar wa magoya baya hannun jari, ya sake gina filin da ke ɗaukar kimanin mutum 60,000, ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da ƙiyayyar ɗariƙa a 1996, ya ƙi shiga tseren kashe kuɗi da Murray, sannan ya tafi a 1999 kamar yadda ya yi alkawari. Wasu magoya baya sun yi masa ihu a 1998 saboda suna ganin ya cika maƙo, abin da ke nuna cewa magoya baya ma ba kullum suke da gaskiya ba. Duk da haka na fi amincewa da su fiye da attajiri guda, domin su ne ke saura idan ya tafi: bayan ƙungiyar Hearts ta birnin Edinburgh ta durƙushe a 2013 a hannun Vladimir Romanov, gudummawar wata-wata ta magoya baya ce ta taimaka wajen ceto ta, har suka mallaki mafi yawan hannun jarinta a 2021, Motherwell ma tana hannun magoya bayanta. A watan Mayu na 2025 wasu Amurkawa, a ƙarƙashin Andrew Cavenagh da kamfanin 49ers Enterprises, sun sayi kashi 51 cikin ɗari na Rangers, kuma babu shakka zafin gabar Glasgow yana cikin abin da ya ba ƙungiyar daraja a idonsu. Saboda haka ba na sa ran gyara zai fito daga masu ƙungiya don kansu. Gwamnatin Sikotland, wadda 'yan sandanta da asibitocinta ke ɗaukar nauyin ranakun wasa, ya kamata ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta tantance masu sayen ƙungiyoyi, ta riƙa duba littattafan kuɗinsu kowace shekara, ta kuma samu ikon rufe sashen fili da rage maki, ba tare da jiran ƙuri'ar waɗanda za a hukunta ba.